Shafi Na Ɗari Biyu Da Sha Ɗaya

Da sassafe na haye gada zuwa Harobanda.
Kogi na ƙasa yana tafiyarsa,
bai san a kansa nake rubutu ba.
Tambayata guda ce:
in ruwa ya raba ƙasa biyu, ina iyaka take kwana?
A gaɓa, a tsakiya,
ko a inda kwale-kwale ba ya gogar yashi?

Malama ta ce, "Barira, ban da ji-ta-ji-ta.
Yarjejeniya tukuna, sai abin da ƙasashe suka saba,
hukuncin kotu ya biyo, masana su zo a ƙarshe.
Kowace jimla ta zo mini da sunan ubanta."

A ɗakin karatu Alzuma ya gyara tabaransa
mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare,
ya miƙo mini littafin da ya girme ni.
Taswirar ciki na da ƙasashen da suka mutu
tun ba a raɗa mini suna ba.
Juzu'i na biyu fa?
Wani ya ara, in ji shi,
yanzu alƙali ne, gaisuwa yake aikowa.
Na bi fihirisa da yatsa: iyakokin ruwa, ɗari biyu da sha ɗaya.
Ɗari biyu da goma na nan.
Sha uku na nan.
Tsakaninsu haƙoran takarda kawai.

Da dare na samu wata maƙala a salula.
Shafin farko kyauta, kamar ɗanɗanon kilishi a tasha,
saura kuma jaka ashirin da huɗu.
Kuɗin ɗakinmu ke nan, ni da Fassuma.
Na karanta kyautar sau uku, na rufe.

Hukuncin kotun duniya shi ba a sayar da shi,
Allah ya saka wa wanda ya bar ƙofar a buɗe.
Ƙarfe biyu na fara sauke shi,
lokacin da rezo ke sakin jiki.
Tamanin, tamanin da tara,
sai wuta ta tafi, fanka ya yi sallama,
batir ya bi liman.

A ma'ajiyar takardun ƙasa
na taɓa wasiƙar wani kumandan zuwa wani kumandan,
tawada ta koɗe kamar tsohon lalle.
Sun ƙidaya tsibirai, sun ƙidaya haraji.
Waɗanda ke shanya taru a wurin
ko sunan ɗaya ban gani ba.

Zabairu mai fotokopi ne ya ji ina ƙorafi.
Bai ce komai ba, ya jawo kwalin madara daga ƙarƙashin tebur:
aikin ɗaliban da suka bayar ba su dawo biya ba.
Can ƙasa, da tabon shayi a kusurwa,
ga ɗari biyu da sha ɗaya.
Dala biyar ya karɓa.
Na biya har da bashin wanda ban sani ba.

Shafin ya ce a bi hanyar ruwa mafi zurfi.
To.
Na kira Kawu Nomau a Gaya in gaya masa,
shi da ya yi shekara arba'in a kan ruwan.
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
"Zurfin bara ko na bana?
Bara yana gindin giginya, bana ya ƙaura.
Ki zo ki tambayi gorar tuƙina."

Ba shi da maɗaba'a, ba shi da shekarar bugu.
Na sa shi a ƙasan shafi, lamba ta talatin da bakwai:
Nomau, masunci, Gaya, ta waya, ranar Laraba.

Malama ta kewaye shi da jan biro,
ta ɗora alamar tambaya.
Na duba da kyau a cikin taksi, muna kan gada.
Ba ta soke shi ba.