Adireshi Biyu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina hawan matakalan Valparaíso
da jakar wasiƙu a kafaɗa,
har gwiwata ta haddace kowane tudu.
Na san karen da ke cizo,
na san wanda haushi kaɗai ya iya.
Yanzu ga ni a kicin,
teku na can ƙasa tana wanke gindin jirage.

A kan firji akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi sandar sabulu ba,
koren idonta na ƙiftawa dare da rana.
A cikinta Zunilda ta bar rubutunta:
yadda ake gyaran komar kamun kifi in ta yage,
ƙulli goma sha bakwai, kowanne da sunansa,
ɗaya ma sunan uwata ta sa masa, don wuyar kwancewa.
Ta rasu a Yuli, sanyi na tsakiyar cin ƙashi.
Ban kashe na'urar ba.

Jikata Rayén ce ta zo hutu,
ta harɗe ƙafa a ƙasa tana 'yan danne-danne,
can ta ce, "Kaka, na huda wa gidan nan ƙofa."
Na ce ƙofar me?
Ta ce wata ƙa'ida ce mutane suka zauna suka yarda da ita,
ba mallakar kamfani ba, ba ta hukuma ba,
babu kan sarki, babu ɗan kamasho a tsakani.
Duk wanda ya ambace ka daga nasa gidan
zai aiko da abu biyu rak:
ga inda na yi maganar,
ga abin da na yi ta a kai.

Na yi dariya har da tari.
Ambulan ne fa wannan, yarinya,
sunan mai aikawa, sunan mai karɓa, ciki fayau!
Ta ce, "Ai taka na'urar ce za ta taka ta je,
ta duba ko da gaske an ambace ta."
Na yi shiru.
Gani ya kori ji,
kuma zumunta dama a ƙafa take.

Makon farko masu tallan takalma suka yi ta ƙwanƙwasawa.
Ta je gidajensu, ba ta tarar da Zunilda ba,
ta dawo ta ja ƙofarta, ko tsaki ba ta yi ba.
Ni da na taɓa zagin mutum a kan ƙasidar talla,
sai na ji kunyar abin da bai kai tafin hannuna ba.

Ranar wata Talata, kafin asuba, barci ya ƙi,
na tarar da saƙo ya shigo ya zauna.
Daga tsibirin Chiloé, wani Nolberto Chiguay.
Ya ce ƙulli na tara ya riƙe masa koma
a daren da iska ta kwashe rufin maƙwabcinsa.
Ya ce amma a na sha ɗaya matar nan ta yi kuskure,
hagu ake juya zaren, ba dama ba.

Kuskure!
Da tana nan da ta ɗaure shi da zaren nasa.
Na ɗauko igiyar shanya na gwada sau uku.
Mutumin ya yi gaskiya.

Na sha mayar da wasiƙa ofis
da jan rubutu a goshinta: mai ita ya rasu.
Wannan ba ta koma ba.
Ta sami gidan a buɗe, ta sami mai musu a ciki.

Da rana ta fito na sa tabarau,
na rubuta masa amsa daga kicin ɗina, da yatsa ɗaya,
ban bar kujerata ba, shi ma bai bar tasa ba.
Na ce hagun ne, na yarda,
amma kada ya kuskura ya taɓa na sha biyu.
Koren idon ya ƙifta.
Na ɗora ruwan shayi, na manta, na fito da kofi biyu.