Kukan Kafaɗa

Ni ɗiyar mahauci ce, a Ƙofar Ƙwaya aka binne cibiyata.
Tun kaina bai kai teburin Baba ba
na san saifa a faranti,
ja mai duhu, shimfiɗe kamar harshen saniya.
Masu saye hanta suke so, ƙoda suke so,
ita kuwa gyara ce,
a jefa wa ɗan aike, ya tafi ko ba godiya.

Sai da na shiga makarantar jinya
malama ta ajiye alli, ta ce kowa ya dafa hagunsa:
haƙarƙari na tara, na goma, na sha ɗaya,
can take kwance, dunƙulen hannu,
ta jingina da tumbi, ƙoda na bayanta,
ba ta ganga kamar zuciya.
Aikinta rairaya.
Ƙwayar jinin da ta yi wata huɗu tana dakon iska,
ta tsufa, ta gaji,
nan ake sauke mata kaya,
a cire ƙarfen jikinta a kai ajiya.
Na ce a raina, ashe 'yar gwangwan ce,
na toshe baki don dariya.

Jijiyoyi kuma, ɗaya ta taso tun daga ƙeya,
ta gangaro wuya, ta ratsa ƙirji,
ba ta zama, kamar dillaliya.
Ita ke leƙa hanji ta ce: an ci, a niƙa.
Waɗansu sun ɓullo daga gadon baya,
na ranar firgici, masu cewa a tsaya.
Duka suka haɗu bayan tumbi, suka cukurkuɗe
kamar wayoyin Rafin Daɗi bisa falwaya,
kowace ta kama hanyar jini ta bi,
yadda kabewa ke bin darni.
Na haddace don jarrabawa, ban san na haddace don gida ba.

Ran wata Alhamis a kwata
bijimi ya matse ƙanena Rabe da bango.
Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ƙarasa fiɗa,
har ya ci tuwo.
Bayan isha ya ce kafaɗa, ta hagu, kamar an soka ƙaya.
Inna ta ɗauko man zafi,
Baba ya ce a kira maɗori da safiya.

Na haska fitila. Leɓensa ya yi fari,
gumi mai sanyi, bugun hannu na gudu ba nauyi.
Na taɓa ciki, ya ƙi hannuna, ya yi tauri kamar ƙwarya.
Na ce Inna, an bar jaki ana dukan taiki.
Jini ne ya malala, ya taɓa tantanin numfashi,
jijiyar tantanin kuwa daga wuya take,
zaurensu ɗaya da ta kafaɗa,
ɗan saƙo ya zo da dare, ya buga ƙofar maƙwabciya.

Baba ya dube ni.
Shekara arba'in yana buɗe ciki,
bai taɓa buɗe mai magana ba.
Ya ce: nemo mai keke, ɗiya.

A babban asibiti suka cire ta kafin assalatu.
Ya roƙa a nuna masa. Aka nuna, a kwano, a tsage.
Ya auna ta da ido yadda ya saba,
bakinsa ya motsa, farashi bai fito ba.

Rabe na nan, da ɗinki daga ƙirji zuwa cibiya.
Yana kwana a gidan sauro ko da bazara,
zazzaɓi kaɗan, mu kama hanya,
don mai gadin ƙofar hagu ta tafi.

Baba har yau yana ba da gyara:
huhu, ɗan kitse, guntun wutsiya.
Saifa kuwa, na gan shi jiya,
ya ɗauke ta da hannu biyu,
ya ajiye gefe ɗaya.