Littafin Bashi

Ran da aka ce kowa ya zauna gida,
na sa wa shagona kwaɗo biyu,
na rungumo littafin bashi, na taho Herwagana.
Na ce to, lokaci ya samu,
zan lissafa duk wanda ya ɗinka yadina bai biya ba.

Kwana uku ina tarawa ina ɗebewa,
rana na dukan kwano kamar da gayya.
A na huɗu randa ta nuna gindinta.
Sai ga kukan kura a lungu:
Manu ne, jarka goma sha biyu, tun daga Bolari,
gumi ya jiƙe ƙyallen da ya ɗaure hanci.
Shekara shida yana zuba mini ruwa,
ban taɓa tambayar garinsu ba.
Na juya littafin ta baya, na sami farar takarda,
na rubuta: Manu, yana bi na.

Daga nan alƙalami ya ƙi tsayawa.

Rifkatu 'yar Kaltungo, mai haya a ɗakin ƙofa,
tana fita asibiti kafin assalatu,
ta dawo da shatin takunkumi a kumatu kamar tsaga.
Ba ta taɓa ɗanta sai ta yi wanka.
Yaron na miƙa hannu, tana cewa tsaya, tsaya,
muryarta na rawa kamar ruwa a faranti.
Ni da ke jin su ta katanga,
wane farashi zan sa a gaban wannan?

Direban da ke shigo da tumatir daga Kwadon,
ban san sunansa ba,
na rubuta rabin lambar motar, iyakar abin da na riƙe.
Inna Dudu, wadda tsintsiyarta ke hira da kwalta da asuba,
gari ba kowa,
amma tana share shi kamar ana jiran baƙo.
Gidado mai gasa burodi.
Yaron da ya hau falwaya da tsakar rana
don fankata ta juya.
Da mutum biyun da suka haƙa wa Malam Bappah makwanci,
mu bakwai kacal muka raka shi,
kowa tsaye nesa da ɗan'uwansa
kamar itatuwan gawo a gona.

Ba zan yi ƙarya ba:
buhun shinkafa ya durƙusa,
na yi wa Fanta tsawa a kan gwangwanin madara,
na kwana ina jin kunyar kaina.
Godiya ba ta cika tukunya.
Amma tana hana mutum ya fasa ta.

Sai na shiga rubuta ƙanana.
Hancina, da har yau yake jin ƙanshin daddawa,
an ce shi cutar ke fara sacewa.
Numfashi, da ke shiga ya fita ba rasit.
Inuwar darbejiya da ban taɓa zama a ƙarƙashinta ba,
ni da na shuka ta.
Ladan ya ce ku yi salla a gidajenku,
na ja iyalina a tsakar gida, na sarƙe a aya,
sai wata siririyar murya ta gyara mini daga baya.
Ashe Hajjo ta wuce ni a hadda,
ina can ina auna yadi.

Daren jiya ruwan farko ya sauka,
ƙasa ta yi ajiyar zuciya.
Na ƙirga shafuka a hasken tocila:
masu cin bashina, goma sha ɗaya,
masu bi na, na daina ƙirgawa.

Da safe na tari Manu a bakin zaure.
Na ce, wai ina ne garinku?
Ya sauke jarka, ya dube ni, ya jima.
Ya ce, Bojude.
Na ce, zauna ka sha ruwa.