Gurbin Kalma Ɗari da Hamsin

Sha ɗayan dare a Unguwar Maikaho, bayan Dakace.
Kowa ya kwanta, sai ni da kwaɗin Galma.
Na jingine wayar Sallau da kwalin safar hannu
tana haska mini fom ɗin gidauniya.
An ce a miƙa kafin Laraba.
An ce: bayyana matsalar al'ummarku
cikin kalma ɗari da hamsin.

To, ta wane gefe ake ɗaukar tukunya mai zafi?

In fara da firijin rigakafi da ke bayana?
Wata gidauniyar ce ta kawo shi bara waccan,
da tambarinta shuɗi, hannu biyu riƙe da ganye.
Tambarin na nan fes, ko ƙwarzane babu.
Batirin ne ya mutu tun azumi.
Yanzu rajista nake ɓoyewa a ciki
don kada gara ta cinye sunayen yara.

Ko in fara da Barira?
Naƙuda ta zo mata cikin ruwan Agusta,
ranar da kwalbati ya bi rafi.
Sallau ya tura babur, taɓo har gwiwa,
mijinta na bin su da fitila yana salati.
A takarda, Shika ba nisa.
A daren nan, Shika ta fi Makka nisa.
Yaron ya faɗo, ya tsala kuka, ya rayu.
Ita ce jinin ya ƙi tsaya mata.

Fom ya ce: adadin masu cin gajiya.
Na mayar da lambar bara yadda take,
dubu huɗu da ɗari biyu da shida.
Ba ta canza ba.
An cire Barira, an sa ɗanta.

Ban ce mutanen gidauniya ba su da zuciya ba.
Sun zo da rani, hanya a bushe,
cikin farar mota mai sanyi.
Wata yarinya a cikinsu, mai tabarau,
ta ga tabarmar da muke karɓar haihuwa a kai,
ta juya baya tana share ido.
Hawayen ba na hoto ba ne, na gani.
Amma kuɗin bana, in ji ta,
na kwamfutar hannu ne, don tattara bayanai.
Na ce mun gode.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
sai dai ba shi ke sayen kwano ba.

Tambaya ta bakwai: yaya aikin zai ɗore
bayan tallafi ya ƙare?
Na yi dariya har fitila ta girgiza.
Su zo ran Juma'a su ga Iya Kande
da gwangwanin madara tana zaga gidaje,
hamsin-hamsin, ɗari in an sayar da barkono,
kuɗin man babur na matar da za ta haihu gaba.
Shekara tara ke nan.
Babu tambari a jikin gwangwanin.

Na rubuta: kwalbati.
Na rubuta: batir.
Na rubuta: allurar tsayar da jini, kwali biyu,
da ungozoma ɗaya mai kwana a nan.
Na ƙara sunan Barira, da shekarunta, da na ɗanta Iliya.
Na ƙirga: ɗari da hamsin da takwas.
Takwas za su fita.
Na san waɗanne ne ofis ba zai yi kewarsu ba,
shi ya sa biro ya tsaya mini a sama.

Wayar ta yi ƙara, saura kashi huɗu.
Sai ga bugun ƙofa, da ƙarfi,
muryar Malam Dogara: Hansatu! Hansatu!
Yarinyar ce, jikin ya sake ɗaukar zafi, tana sanƙarewa!

Na kifa fom a kan firiji,
na danne shi da dutse,
na ɗauki hasken.