Ƙanzon Sama

A Dundaye, ƙarfe biyun rana,
wuta ta tafi, fanka ta tsaya,
na buɗe kwalin da ya iso jiya.
Cikin auduga, baƙin abu bai kai goro ba,
giram goma sha ɗaya da ɗigo huɗu,
da ɓanzarensa manne a gilashi.
Ba shi da suna, sai lamba a jikin leda.

Takarda ta ce aro ne, wata shida.
A can ƙarshen kudu aka tsinto shi,
inda ƙasa duk ƙanƙara ce,
baƙin dutse ba shi da maɓoya,
kamar ƙuda a ƙwaryar nono.

Sai na tuna babana Sahabi a Tsohuwar Kasuwa,
yana lulluɓe ƙanƙara da buhu,
kafin la'asar rabin jari ya bi kwata.
Tamu ba ta iya riƙon yini guda.
Tasu ta riƙe amanar wannan dutse
tun ba a haƙa rijiya ko ɗaya a garin nan ba.

Aikina in cike gurabe.
Fata: baƙa, siririya,
ƙanzon da wuta ta bar masa
ranar da ya keto iska.
Maganaɗisu: yana ja, ba can ba.
Tsatsa: kaɗan, a bakin tsaga.
Na sa gilashin ƙarƙashin madubi,
na karkato hasken taga,
sai ga ƙwayoyi zagayayyu birjik,
wasu cif, wasu sun fashe.
Littafi ya ce sun girmi duniya.
Na rubuta: mai ƙarancin ƙarfe,
aji na huɗu, na gama-gari.

Na gama-gari!
Biro ya daɗe a hannuna.

Modi masinja ya leƙo da butarsa:
"Malama Luba, wanga dutsi ina amfaninai?
Ko gatarin aradu na?"
Na ce zo ka sa ido.
Ya duƙa, ya rufe ido ɗaya,
har gumi ya ɗiga a kan tebur.
"Gero na," in ji shi,
"wanda ba a shibka ba."

Na duba takarda sama da ƙasa,
babu gurbin wannan.

Da yamma, a hanyar gida,
na sayi ƙanƙarar naira hamsin,
na riƙe ta har ta narke,
in ga me za ta bar mini.
Sanyi a tafin hannu,
da ɗan zaren buhu.