Motar da Ba Ta Sallama

Shekara sha tara ina fama da tsohuwar Fijo,
mai tarin asuba kamar ɗan sigari,
mai shan mai kamar raƙumi ya iske rijiya.
Ran da na sallama ta ga wani mai kai albasa Jibiya
na tsaya bakin hanya har ƙararta ta ɓace.

Mannir dillali ya ja ni Ƙofar Ƙaura,
ya yaye ƙyalle. Ga ta, doguwa, ruwan toka,
kujerunta ko leda ba a cire ba.
Ya ce, "Malam Sada, zuciya biyu gare ta,
ɗaya fetur, ɗaya lantarki."
Na ce, "Mai zuciya biyu a garinmu munafuki ne."
Ya yi dariya. Bai rage ko sisi ba.
Kuɗin sallamata suka tafi,
rabin gonar Ajiwa ta bi bayansu.

Ba makulli, sai maɓalli.
Na danna, shiru.
Na sake dannawa, ashe kashe ta na yi.
Sau uku ina kashe abin da ke raye
don bai yi mani ihu ba.

A makon fari mun yi ta zaman doya da manja.
In ban ɗaura bel ba, mita.
In na matsi katanga, mita.
Na bar ƙofa a buɗe, ta kai ƙarata wurin maƙwabta.
Amma a cunkoson Ƙofar Ƙwaya
sai ta yi tsit, tana sanɗa kamar kyanwa,
har wata akuya ta kwanta a gabanmu tana tuƙa,
ba ta san tan biyu na tsaye a kanta ba.

Na kai wa Rabe, bakanikena tun ina saurayi.
Ya ɗaga murfi, ya ga wayoyi ruwan lemo,
ya mai da hannuwansa baya
kamar mai gaisuwar mutuwa.
"Wannan ba ta sifana ba ce, Malam.
In ta yi ciwo, ka nemi yaran kwamfuta."
Muka sha shayi, ba mu sake zancen ba.

Sannu a hankali na gane halinta.
Duk birkin da na taka, batir ne ke ƙoshi:
abin da ni nake asara wajen tsayawa
ita tarawa take.
Yaron gidan mai ya tare ni a masallaci,
wai ko laifi suka yi mani.

Ran Juma'a na ɗau hanyar Daura.
Na wuce Mashi allurar mai ko gezau.
Ina ta shirya yadda zan yi wa Inna kuri.

Inna Yalwa ta daɗe da rasa ganinta.
Tun daga kan kwana take jin tarin Fijo,
ta ce a dama fura, Sada ya iso.
Ran nan na shiga har tsakar gida
na iske ta kan tabarma, kunne a ƙofa,
furar ba a dama ba.
Na taɓa kafaɗarta, ta zabura.
"Tun azahar nake saurare.
Na ce ko hanya ce ta ci mani kai."

Na riƙo hannunta zuwa waje.
Ta shafa ƙofa, ta shafa fitila,
ta kara kunne a jikin ƙarfen, ta daɗe.
"Lafiyayya ce," in ji ta, "Allah ya sa alheri.
Amma ba ta da tarbiyya.
Ka koya mata sallama."

Yanzu duk Juma'a, daidai kwanar mai ƙosai,
sai in sauke gilashi,
in danna oda sau biyu, a hankali,
in jira kaɗan,
yadda Fijo kan yi kafin ta ja numfashi.