Ruwan da ke Cikin Gwiwar Aune

Ƙarfe bakwai a Oulu, rana ba ta da niyyar fitowa.
Na kakkaɓe ƙanƙara daga takalmina,
na jera kwalabe shida a bakin na'ura,
kwalaben da muka san amsarsu tun bara.
Kafin in tambayi gwiwar kowa
sai na fara jin ko ma'aunin ya tashi da gaskiya yau.

Aune Kemppainen ta iso tana dogara sanda.
Shekara talatin ta yi tana raba wasiƙu a kan keke,
duk bazara kuma tana cikin fadama
tana tsinkar 'ya'yan itacen da ba sa jiran mai jinkiri.
Hoton ƙashi ya ce gwiwarta lafiya lau.
Ta ce: to hoton ya zo ya hau mini matakala.

Ta cire 'yan kunne, ta cire zoben marigayi Rauno,
ta kwanta.
Na ce minti tara zan ƙara miki a kan na kowa,
kada ki motsa, ko tari ya zo ki haɗiye shi.
Na'ura ta kama sara
kamar maƙerin da aka kulle a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da nake nema ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto.
Guringuntsi, farar shimfiɗar nan tsakanin ƙashi da ƙashi,
da ƙyar ya kai kaurin ɓawon lemo.
Saƙa ce mai riƙe ruwa.
In zaren ya fara saki, ruwan ya sami wurin miƙe ƙafa,
sai amsar da yake ba maganaɗisu
ta daɗe kafin ta mutu.
Daɗewar nan nake ƙirgawa,
da ma'aunin da ƙiftawar ido ta yi wa tsawo.

Taswira ta fito. Shuɗi, kore, shuɗi,
sai wani ɗigon ja a gefen ciki:
arba'in da takwas, inda maƙwabtansa ke talatin da biyar.

Dakta Vuokko ta tsaya a bayana da kofin gahawa.
Ilmari, me zan yi da arba'in da takwas?
In ce mata ta bar fadama? In ce ta ƙara tafiya?
Bara ka auna gwiwarka nan, ka auna ta a Kuopio,
mako guda, ƙafa guda, lambobin suka saɓa da huɗu.
Yaya zan yi ciniki da mudu biyu?

Ban musa ba.
Shi ya sa kwalaben nan ke yawo a akwati daga asibiti zuwa asibiti,
shi ya sa muke taro har gahawa ta huce
a kan ina za a ja layi, wa zai ja shi.
Mutum goma sha biyu ne a layi bayan Aune,
kuma minti taran nan daga lokacinsu na yanko.

Ba a saba nuna wa mara lafiya allon ba.
Ita ce ta leƙo, tana mai da zobe.
Ta ɗora yatsa a kan jan, ba ta ko laluba ba.
Nan ne, in ji ta. Shekara biyu ke nan ina faɗa.

Ta tambaya ko za ta shiga fadama a Yuli.
Na ce ban sani ba.
Lambar ba ta iya duba ba tukuna,
sai mun tara irinta dubu, mun ga inda kowace ta kai mai ita.
Ta yi shiru, ta karɓi biro,
ta sa hannu za ta dawo baɗi war haka.

Ta ce a buga mata taswirar, mai launin,
za ta manna a ƙofar firji
kusa da zanen jikarta.

Sha ɗaya saura, haske ya ɗan taɓa taga.
Na goge gadon, na kira na gaba.